Yadda Ake Saita Ƙaramin Jirgin Alkafura Na Rimot Har Ya Bi Hannu

Duk wanda ya koyi tuƙi da jirgin koyo, irin mai fiffike a saman jiki, ya saba da wani gata: in ya rikice sai ya saki sanda, jirgi ya miƙe da kansa. Ranar da ya fara ɗaga jirgin alkafura, irin su Extra 300 ko Edge 540 ko Yak-54, wannan gatan ya ƙare. Jirgin koyo jaki ne da ya san hanyar gida, ko ka yi gyangyaɗi zai kai ka. Na alkafura kuwa dokin sukuwa ne, inda ka juya linzami nan zai dosa, ko da rami ne a gabansa.

Da gangan aka ƙera shi haka. Saman fiffikensa da ƙasansa siffa ɗaya ce, don ya iya tafiya a rigingine kamar yadda yake tafiya a daidai. Fikafikan a miƙe suke, ba a ɗaga bakinsu sama ba, shi ya sa in ka karkata shi, a karkace zai zauna har sai ka dawo da shi. Leɓunan da ke juya shi kuma, wato sassan fiffike da wutsiya masu motsi, manya ne ƙwarai. Kwaikwayon manyan jirage ne na gaske, domin Extra 300 ƙirar Walter Extra ce ta ƙasar Jamus, ya fara tashi a 1988, Edge 540 kuma kamfanin Zivko ne ya ƙera shi a Amurka. Ƙananan sun gaji siffar manyan, sun gaji halinsu.

Amma mafi yawan abin da ake kira mugun halin jirgi, saiti ne bai yi ba. Saitin kuma yana da jeri. Ana fara gyara da hannu a kan tebur, sai nauyi, sai karkatar inji, gyaran halin jirgi ta cikin rimot shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da cusa gyare-gyare a rimot yana rufe matsala ne da wata matsalar, kuma sai ya wayi gari bai san wane gyara ne ke yaƙi da wane ba.

Zan ɗauki misalin jirgin da ya fi yawa a hannun mutane: mai aiki da batir, faɗin fiffike kamar mita 1.2, nauyi tsakanin kilo 1.2 da 1.5, batir LiPo mai ɗaki 3 ko 4. Leɓunan bayan fiffike su ne eleron, su ke mirgina jirgi. Leɓen wutsiya na kwance shi ne elibeta, mai ɗaga hanci da sauke shi. Na tsaye shi ne roda, mai kai hanci dama da hagu. Kowanne yana da ɗan injin da ke motsa shi, wato sarbo. Zan yi bayani ne a kan rimot mai tsari na 2, wanda totur da roda suke sandar hagu, eleron da elibeta suke ta dama.

Mataki na farko: aikin tebur

Kafin komai, cire farfela. Injin lantarki ba ya gargaɗi, kana taɓa abin da bai dace ba a rimot zai tashi da cikakken ƙarfinsa, farfela mai inci 12 kuwa tana tsaga yatsa har ƙashi. In ban da ɗan lokacin auna nauyi, ba za ta koma ba sai an gama duk abin da ke cikin wannan mataki da biyun da ke binsa.

Buɗe sabon shafi a rimot, kada ka kwafi na wani jirgin. Duk tirim, wato ƙananan maɓallan da ke ɗan matsar da tsakiyar leɓe, su kasance a tsakiya. Kunna rimot, sannan ka jona batir, sarbo za su tsaya a tsakiyarsu. A wannan tsayuwar ne za ka ɗora wa kowane sarbo hannunsa, yadda zai yi kusurwa digiri 90 da sandar ƙarfen da ke tura leɓe. In bai zauna daidai ba, cire shi ka juya ɗaya ɓarin, ko ka gwada wani hannun, sau da yawa haƙoran kan faɗa daidai a wani gefen. Ɗan abin da ya rage ne kawai za ka cike da ƙaramin tirim na cikin rimot. Daga nan ka daidaita tsawon sandar ƙarfen har leɓe ya yi layi ɗaya da fiffike. Ɗora rula a kai ka gani, ido kaɗai yana yaudara.

Nan ne wurin da ya cancanci a daɗe, wato ramin da za ka saƙala sandar. Hannun sarbo yana da ramuka, ƙahon da ke jikin leɓe shi ma yana da su. In ka saƙala a ramin can waje na hannun sarbo da ramin kusa na ƙaho, leɓe zai yi tafiya mai nisa amma ba ƙarfi, kuma ɗan motsi kaɗan na sarbo sai ya zama babban motsi a leɓe. In ka saƙala kusa a sarbo, nesa a ƙaho, tafiyar za ta ragu, ƙarfi da daidaito su ƙaru. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zaɓi ramin da ke ba da tafiya mai yawa, sannan ya je rimot ya rage iyakar sarbo zuwa kashi 50 cikin 100. Ya zubar da rabin ƙarfin sarbo da rabin daidaitonsa ke nan a banza. Abin da ya dace shi ne ka bar iyakar a 100 ko kusa, ka zaɓi ramin da zai ba ka mafi girman tafiyar da kake buƙata, ba ƙari. Ka kuma tabbata ramin ƙaho yana saitin layin hinji daidai, in ba haka ba leɓe zai fi tafiya gefe ɗaya.

Yanzu kama bakin leɓe da yatsu biyu ka ɗan girgiza. Bai kamata ya yi lako-lako ba. In yana motsi alhali hannun sarbo a tsaye yake, rami ya yi faɗi, ko sanda tana lanƙwasa, ko ƙaho ya saki. Ja kowane leɓe baya da ɗan ƙarfi don ka ji ko hinji ya kama. In akwai tsaga tsakanin leɓe da fiffike har haske na ratsawa, lanƙwasa leɓen zuwa ƙarshe ka manne tsagar da siririn salatif daga ƙasa. Iskar da ke kurɗawa ta nan tana rage cizon leɓe, kuma ba ta yin hakan daidai a ɓangarorin biyu.

Eleron biyu dole tafiyarsu ta zo ɗaya. Haka ma ɓari biyu na elibeta in kowanne da sarbonsa. Manna siririn tsinke a bayan kowane ɓari, bakunansu su haɗu a bayan roda, ka motsa sanda a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In tsinkayen suka rabu a hanya, jirgin zai riƙa murɗewa duk lokacin da ka ja elibeta, kai kuma ka yi ta zargin iska.

Sai duba alkibla. Tsaya a bayan jirgi. Sandar dama zuwa dama, eleron na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ja sandar zuwa jikinka, elibeta ta ɗaga. Sandar hagu zuwa dama, roda ta tafi dama. Wannan dubawar ba ta yau kaɗai ba ce, kafin kowane tashi ake yin ta, kana faɗa da baki kana kallo. Jirgin da eleron ɗinsa ke juye ba ya wuce daƙiƙa kaɗan a sama.

Mataki na biyu: cibiyar nauyi

Babu abin da ke sauya halin jirgi kamar wurin da nauyinsa ya daidaita. Takardar da ta zo da shi za ta faɗi tazarar daga gaban fiffike, a jikin gangar jirgi. Bi ta, ka fara daga iyakar gaba. In babu takarda, ƙa'idar ita ce tsakanin kashi 25 da 33 cikin 100 na matsakaicin faɗin fiffike. Fiffike mai faɗin santimita 25, ka fara a wajen santimita 7 daga gabansa. Yi alama da biro a ɓangarorin biyu, sa batir da farfela da komai kamar za a tashi amma kada ka jona, ka ɗaga jirgin a kan yatsu biyu. Mai fiffike a ƙasan jiki ya fi sauƙin aunawa in ka kifa shi. Ya tsaya a kwance ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Sannan ka sake cire farfelar.

In nauyi ya yi gaba da yawa, jirgi zai yi taurin kai, ya sauka da gudu, ya nemi turi mai yawa a rigingine. Wannan abin haƙuri ne. In ya yi baya da yawa kuwa, elibeta za ta yi zafi, hanci ya riƙa tsalle sama da ƙasa, jirgi ya fizge ya faɗa hajijiya ba shiri, kuma sau da yawa ba a samun damar gyarawa. Don haka tashin farko da ɗan nauyin hanci ake yin sa. Gyaran kuma da matsar da batir ake yi, darma sai in ba makawa, domin duk giram ɗin da ka ƙara fiffike ne zai ɗauka. Ja layi a inda batir ya tsaya, ka ɗaure shi da ɗamara mai kyau. Batirin da ya zame baya a tsakiyar hawa ya mayar da jirginka wani jirgin dabam.

Akwai awo na biyu da ake yawan mantawa, na dama da hagu. Mutum ɗaya ya riƙe sandar inji, ɗaya ya tallafi ƙasan wutsiya, ku ɗaga. Fiffiken da ya riƙa faɗuwa shi ne mai nauyi. Soka ƙaramar ƙusa ko sukuru a bakin ɗayan har su daidaita.

Mataki na uku: rimot

Saita matakai biyu na tafiyar leɓe a kan makunni ɗaya wanda yatsanka ke kaiwa ba sai ka duba ba. Ƙaramin mataki: elibeta digiri 10 zuwa 12 sama da ƙasa, eleron 12 zuwa 15, roda 20 zuwa 25. Babban mataki na wasan rataya a farfela ne da tafiyar hawainiya da hanci a sama, inda leɓuna ke kaiwa digiri 40 zuwa 45. In ba ka da abin auna kusurwa, rula ta isa. Leɓe mai faɗin milimita 50, in bakinsa ya ɗaga milimita 13 ya yi kusan digiri 15, in ya ɗaga 35 ya yi kusan 45. Wayar hannu ma tana da manhajar auna kusurwa, sai dai nauyinta kan danne leɓen kumfa.

Ra'ayina a nan a fili yake: makonnin farko, ka manta da babban mataki. Zobe, wato cikakkiyar da'ira a tsaye, mirgine, tafiya a rigingine, juyi a kan wutsiya, duk ƙaramin mataki yana yin su, kuma ya fi yin su da tsafta. Masu gasar F3A, wadda hukumar wasannin sama ta duniya FAI ke shiryawa da jirage da ba sa wuce mita 2 a tsawo da faɗi, da ɗan motsin leɓe suke zana layukan nan masu kyau.

Sai ekispo, wanda ke tausasa tsakiyar sanda ba tare da ya rage ƙarshenta ba. A ƙaramin mataki sa kashi 25 zuwa 30, a babba 50 zuwa 70. Kula sosai da alamar: a rimot ɗin Futaba lamba mai alamar ragi ce ke tausasawa, a Spektrum da masu manhajar EdgeTX kuwa mai alamar ƙari ce. In ka juya, tsakiyar sanda za ta ƙara zafi. Kada ka yarda da lamba, kalli leɓen, ya kamata ya yi nawa a farkon motsin sanda, ya yi sauri a ƙarshe. Ekispo mai yawa a ƙaramin mataki shi ma cuta ne, sai ka ji jirgi ba ya amsawa, ka ƙara turi, ya zabura gaba ɗaya.

Ware makunni guda na kashe totur. Saita abin da risiba, na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, za ta yi in sadarwa ta yanke, wato totur ya mutu, leɓuna su koma tsakiya, ka gwada ta hanyar kashe rimot inji na juyawa ba farfela. Juya duk sandunan tare da sauri na ɗan lokaci, in risiba ta ɗauke ko sarbo suka tsaya cak, wutar da ke ciyar da su ba ta isa ba, kuma a sama abin zai fi haka muni. Sa agogon rimot a minti 4 a tashin farko. In jirgin yana da na'urar daidaita kai, ɗaga fiffiken dama da sauri ka gani, eleron na dama ya kamata ya ɗaga. In ya sauka, na'urar a juye take. Ko tana daidai, kashe ta har a gama gwaje-gwajen da ke tafe, domin tana ɓoye ainihin abin da kake son gani.

Mataki na huɗu: tashin farko

Zaɓi safiya, iska a kwance, fili mai faɗi ba mutane ba wayoyin wuta, nesa da filin jirgi da barikin soja da duk wani wurin tsaro. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke kula da dokokin jirage marasa matuƙi, ya kamata ka san abin da ta tanada kafin ka fita. Yara za su taru, wannan tabbas ne, sai ka sa wani babba ya tsayar da su a bayanka. Gwada nisan sadarwa kamar yadda takardar rimot ta ce. Rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Yanayi yana da nasa tasirin. Iska mai zafin digiri 40 ta fi mai digiri 15 sirantaka da kusan kashi 8 cikin 100, a Jos kuma, mai tudun kusan mita 1,200, tsawon wurin kaɗai ya rage fiye da haka. Ma'ana jirgi zai buƙaci ƙarin gudu kafin ya tashi, ya sauka da ƙarin gudu, inji da batir su fi ɗaukar zafi. Kada ka bar jirgi ko batir a rana ko cikin rufaffiyar mota. Lokacin hunturu kuma farin jirgi yakan narke cikin hazo, don haka ka manna manyan layuka masu duhu a ƙasan fiffike, ka bar saman da launi mai haske, yadda kallo ɗaya zai gaya maka ciki kake gani ko baya.

Fuskanci iska. Waɗannan jirage ƙaramar tayarsu a wutsiya take, kuma da zarar ka ba da wuta za su ja hagu saboda juyin farfela da iskar da take murɗawa ta bugi roda. Kada ka banka totur lokaci ɗaya. Tura shi a hankali, ka ɗan ja elibeta a farko don tayar baya ta kama ƙasa, ka riƙe layi da roda ta dama, gudu na ƙaruwa ka saki elibeta wutsiya ta ɗaga. Bar shi ya tara gudu sannan ka ɗan ja. Hau a hankali, fikafikai a daidai, har ka kai tsayin da in ka yi kuskure ka gyara, ka sake yin wani, akwai sauran sarari.

A rabin totur ko ɗan sama da haka, yi tirim har jirgi ya tafi a miƙe ka saki sanda. In hannunka na rawa, sa abokin tafiya ya danna maka. Daga nan, tun kana can sama, rage totur ka riƙa jan elibeta a hankali har fiffike ya saki iska, wato ya daina ɗaukar jirgi. Lura da gudun da abin ya faru, da fiffiken da ya fara faɗuwa. Saki elibeta, bar hanci ya sauka, ƙara wuta, ja a hankali. Wannan gwajin shi ke gaya maka iyakar da ba za ka ƙetare ba wajen sauka.

Saukar kuma da ɗan wuta ake yin ta. Babbar farfela in tana juyawa ba ƙarfi birki ce, jirgi zai rasa gudu da sauri fiye da yadda ka saba. Riƙe hanci a kwance da elibeta, ka sarrafa gangarowa da totur: ya yi ƙasa da yawa, ƙara kaɗan, ya yi sama, rage kaɗan. In gudu ya ragu, gyaran layi da roda ya fi aminci, domin eleron mai yawa a wannan hali yana iya sa bakin fiffike ya saki. In ba ta yi kyau ba, tura totur a hankali ka sake zagayowa. Bayan ka sauka, auna batir, kowane ɗaki ya kasance wajen bolt 3.7 zuwa 3.8. Kada ka sha fiye da kashi 80 cikin 100 na cikinsa, wato batir mai mAh 2200, ma'aunin cikinsa ke nan, kada caja ta mayar masa fiye da 1760. Da wannan za ka san ko za ka ƙara minti a agogo. Sai ka dubi inda tirim ya kai leɓuna, ka mayar da shi cikin tsawon sandunan ƙarfe, tirim ɗin rimot ya koma tsakiya.

Mataki na biyar: gwaje-gwajen sama

Ɗauki ƙaramin littafi. Abu ɗaya za ka sauya kafin kowane tashi, ka rubuta, kuma kowane gwaji ka maimaita shi ta dama da ta hagu kafin ka yanke hukunci.

Fara da nauyi. Hau a kusurwa digiri 45 da wuta kamar kashi uku cikin huɗu, mirgina zuwa rigingine, saki sanda. In hanci ya faɗo da sauri, nauyi ya yi gaba. In ya ɗan ci gaba a layinsa sannan ya lanƙwaso ƙasa a hankali, ka samu. In ya miƙe bai lanƙwasa ba, yana kan iyaka, masu wasan rataya suna son haka, amma ba zan ba wanda ke farawa shawarar ya zauna nan ba. In hanci ya nufi sama, sauka yanzu ka matsar da batir gaba. Matsar da cibiyar milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, kuma kowane matsi sai ka sake tirim ɗin elibeta. A tafiyar rigingine a kwance, ɗan turi kaɗan ya kamata ya riƙe shi. In a rigingine wani fiffike ya riƙa faɗuwa alhali a daidai ba ya yi, wannan fiffiken ne mai nauyi, tirim ne ke tallafe shi, sai ka ƙara ɗan nauyi a bakin ɗayan.

In nauyi ya zauna, sai karkatar inji. Taho a miƙe, ja zuwa hawa tsaye da cikakkiyar wuta, gadon bayan jirgi na kallonka, saki sanda. In ya riƙa karkata hagunsa yayin da gudu ke raguwa, inji na buƙatar kallon dama. Sa washa a bayan ƙafafun inji na hagu, hagun matuƙi da ke zaune a ciki. Digiri 2 zuwa 3 shi ne abin da aka saba gani. Sake hawan kana kallonsa ta gefe. In ya ja wajen gadon baya, sa washa a ƙafafun sama, inji ya ɗan kalli ƙasa. In ya ja wajen tayoyi, rage. Ka sani in ka sauya girman farfela, wannan gwajin sai an sake shi.

Sai gangara tsaye, totur a kashe. Yawancin jirage sukan ja wajen gadon baya kaɗan-kaɗan. A nan ne haɗi na farko a rimot, wato motsin sanda ɗaya ya riƙa jan wani leɓe da kansa, yake halatta: in totur ya sauka ƙasa, elibeta ta ɗan sunkuya da kashi 1 ko 2. Sa shi a makunni, ka gwada yadda yake shafar sauka.

Na gaba, bambancin eleron. Eleron da ya sauka yakan ja iska fiye da wanda ya ɗaga, sai hanci ya kauce wajen mirgine. Hau tsaye, yi rabin mirgine zuwa dama. In hanci ya kauce hagu, rage saukar eleron, ya zama ɗagawa ta fi sauka da digiri 1 ko 2. In ya kauce dama, bambancin ya yi yawa.

Tafiyar gefe ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi tona asirin saiti. Da gudu mai kyau, mirgina dama har fiffiken dama ya kalli ƙasa, ka ba da roda ta hagu don riƙe hanci. Kada ka taɓa sandar dama, kalla kawai. Abu biyu kake nema: ko yana ja wajen tayoyi ko gadon baya, da kuma ko yana son ci gaba da mirginawa ko komawa. Gyara da haɗi biyu, roda zuwa elibeta, da roda zuwa eleron, kowane gefe da lambarsa domin ba safai suke zuwa ɗaya ba. Fara da kashi 3 zuwa 5, ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan. In ka ga elibeta na neman fiye da kashi 10 ko 15, dakata ka koma kan nauyi. Jirgi mai nauyin hanci yana tafiya da elibeta a ɗan ɗage, shi ya sa yake ja wajen gadon baya a gefe da kuma a gangara. Mai nauyin baya wajen tayoyi yake ja. Wannan ne dalilin da ya sa haɗi ke zuwa bayan nauyi, domin in ka matsar da batir daga baya, duk lambobin nan sun tashi aiki.

Halayen da saiti ba ya cirewa

Fiffike yana sakin iska ne saboda kusurwar da yake fuskantar ta, ba don gudu ya yi kaɗan kawai ba. Don haka ko jirgi na tsala gudu, in ka fizgi elibeta, musamman a babban mataki ko a ƙasan zobe, zai iya wulƙitawa gefe guda cikin ƙiftawar ido. Hannu zai so ya ƙara ja, kuma ƙarin jan ne ke kai shi ƙasa. Saki sandar, bar shi ya miƙe, daidaita fikafikai, sannan ka ja a hankali. Hajijiya ma haka, mayar da sanduna tsakiya, in bai daina juyawa ba ka ba da roda kishiyar juyin.

In ka ji wani gurnani kamar kugin takarda a bakin fanka, leɓe ne ke karkarwa. Rage totur nan take, ɗaga hanci kaɗan gudu ya ragu, ka sauka ka binciki hinji da ƙaho da haƙoran sarbo. Karkarwa tana iya cire leɓe cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Jirgi mai manyan leɓuna ba a gangaro da shi da cikakkiyar wuta, totur na hawa ne, da hanci ya kalli ƙasa sai a rage.

A rigingine elibeta da roda suna juyewa a idonka, eleron kuwa yana nan yadda yake. In ka rikice a can, kada ka ja, domin ja zai kai hanci ƙasa ya cinye tsayin da kake da shi. Mirgina da eleron ka dawo daidai tukuna. In jirgi na tahowa wajenka a daidai kuma ya karkata, tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa. Waɗannan abubuwa sai sun zauna a yatsu, kuma manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, irin su RealFlight ko PicaSim, ita ce wuri mafi araha na zaunar da su, da rimot ɗinka na gaske a hannu.

Juyi da iska a bayanka yana da tarko. Jirgi zai yi kamar yana gudu sosai saboda kana auna shi da ƙasa, sai ka rage wuta, alhali gudunsa a cikin iska bai ƙaru ba. Bar totur inda yake har ka gama juyin.

Bayan kowane yini a fili, goge ƙura, juya inji da hannu ka ji ko yashi ya shiga, domin maganaɗisunsa yana jan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasa. Taɓa kowane sukuru na hannun sarbo da na ƙafafun inji, sake ja leɓuna ka ji hinji. Batiran da ba za ka yi aiki da su gobe ba, sauke su zuwa bolt 3.8 kowane ɗaki, ka ajiye su a wuri mai sanyi, cikin abin da ba ya cin wuta.